Na Yafe Abin Da Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Sunana Zakiyya, 'yar Daura ce ni, kuma tun yanzu ina roƙonku kada ku yi saurin yanke mini hukunci, don waɗanda suka riga ku yankewa ma sun ishe ni. Mako biyu cif ke nan ina neman wanda zan zauna da shi in faɗa masa abin da ke cina daga farko har ƙarshe ba tare da ya katse ni da “ai da ma” ba, ban samu ba. Shi ya sa na ɗauko waya na ce bari in faɗa muku, ku da ba ku san fuskata ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Sandamu. Kullum da safe motar haya nake hawa, mu huɗu a baya biyu a gaba, wata rana har da kaji a ƙarƙashin ƙafa, in isa wurin aiki fararen kayana sun yamutse kamar an kwana a kansu. Babana ya rasu ina aji uku a sakandare, gidanmu ya koma hannun ƙanensa, Baffa Isyaku, shi ne mai faɗa a ji. Sai Iya, mahaifiyata. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata a gaban mutane, ko yabona aka yi sai ta kau da kai ta ce a kawo wa baƙi ruwa. Kunyar ɗan fari ce, na taso na tarar da ita, ban taɓa jin zafinta ba sai a kwanakin nan.

Sai kuma Musaddiq, wanda zan aura. An sa mana rana, saura wata biyu da 'yan kwanaki, lefe kawai ake jira. Yana aiki da wani kamfani mai raba magunguna, yau yana Zango gobe yana Baure, kuma motar da yake wannan yawo da ita kamfanin ne ya ba shi bashi ya saya, ana cira a albashinsa duk wata. Ƙarama ce, ruwan toka. Yana son motar nan, ba da wasa ba. Akwai tsumman da ba a goge komai da shi sai gilashi, akwai turaren da ba a fesa wa kowa sai kujeru. Har tsokanarsa nake yi, in ce ranar ɗaurin aure a tabbatar sunana aka faɗa ba lambar motar ba.

Da aka tura shi kwas na mako biyu a Kaduna, ya zo sallama bayan la'asar, cikin shadda ruwan ƙasa mai ɗinkin hannu, hula a karkace. Sai ya miƙo mini makulli.

“Riƙe ta, ki huta da cunkoson tasha. Ai kina da lasisi.”

“Baffa fa?”

“Ki ce ajiya na ba ki.”

Baffa kuwa da ya fito sallar magariba ya ga mota a ƙofar gida, ya tsaya ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, “Motar saurayi a ƙofar gida tun ba a ɗaura ba? To.” Duk wanda ya san Baffa ya san wannan “to” ɗin ba amincewa ba ce, ajiye magana ce sai ranar da za a buƙace ta.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kwana taran nan. In fito da guga a jikina in isa da guga a jikina. In kunna karatu a hankali, in sauke gilashi, gonakin gero suna wucewa dama da hagu, an fara yanka, ana ɗaure dammuna. Har na fara jin cewa haka rayuwata za ta kasance nan gaba.

Ranar Laraba na taso daga aiki wajen ƙarfe biyu da rabi. Ban yi nisa da Sandamu ba, daidai inda wata hanyar gona ta fito ta haɗu da kwalta, wani mai babur ya wuce da gudu yana danna oda. Ashe akwai amalanken shanu a bakin hanyar, an lafta masa dammunan gero. Bijiman suka firgita, suka yo kan titi da amalanken gaba ɗaya. Na taka birki iya ƙarfina, na ji ƙara, na ji sitiyari ya bugi ƙirjina. Da na ɗago, gero ne ko'ina a kan gilashi, hayaƙi yana tashi daga gaban mota, ni kuma bakina ba abin da yake maimaitawa sai innalillahi.

Ban ji ciwo ba sai ɗan targaɗe a hannu. Amma bijimi ɗaya yana kwance a kan kwalta, ƙafarsa ta gaba ta karye, yana ta ƙoƙarin tashi yana komawa. Kafin in gama fitowa mutane sun cika wurin, daga gonaki, daga ƙauyen da ke gefe, wasu da lauje a hannu. Wani ya ce a kawo wuƙa kafin ya mutu mushe. A gabana aka yanka shi.

Mai amalanken dattijo ne, daga baya na ji sunansa Malam Sabiru. Ya girmi babana da a ce yana raye. Gemunsa fari tas, rigarsa ta yage a kafaɗa, jini yana bin gwiwar hannunsa. Ya kalli bijiminsa, ya kalli motar, sai kawai ya cire hula ya durƙusa a gabana a kan kwaltar nan mai zafi.

“Hajiya, ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki. Laifina ne, ban riƙe su da kyau ba. Wallahi ko gidana aka sayar ba zai gyara wannan ba.”

Masu karatu, ku gaya mini, an taɓa yi muku haka? Sa'an mahaifinku, kai ba hula, gwiwa a ƙasa, mutum hamsin suna kallo?

Wani matashi ya ce a kira 'yan sanda. Nan take aka yo masa caa. “Haba, hukuma kuma? Musulmi da Musulmi?” “Ƙaddara ce, a gode wa Allah ba a rasa rai ba.” “Shi ma ga asarar da ya yi.” Ni kuwa ba abin da nake so kamar tsohon nan ya tashi daga ƙasa.

“Baba, don Allah ka tashi,” na ce. “Na yafe. Na yafe maka duniya da lahira.”

Aka ɗauki kabbara. Limamin ƙauyen, wanda ya iso da carbi a hannu, ya ce a ɗaga hannu, aka yi addu'a, aka shafa fatiha. Mata suna ta sa mini albarka. Na ɗauko 'yar jakar aikina na wanke wa tsohon ciwonsa na ɗaure, na ba 'yarsa Shatu lambata, na ce in ya kumbura ta kira ni. Majiya ƙarfi suka ture motar gefe, suka share geron daga titi, aka samo a-kori-kura ta ja ta har garejin Sama'ila bakanike a Daura. Ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Abin bai ma zo mini a rai ba.

Sai da na isa gida na yi wanka na kira Musaddiq. In faɗi gaskiya, bai fara da mota ba. Sau uku yana tambaya, “Ke dai lafiyarki ƙalau? Kin tabbata? Kin je an duba hannun?” Har na ji hawaye sun zo mini.

“Kada ki damu da mota,” ya ce. “Inshora ce cikakkiya, kamfani bai yarda da ƙarama ba. Ki turo mini hotunan wurin da takardar 'yan sanda kawai.”

Na zauna a bakin gado.

“Zakiyya? Kina jina?”

“Ba a kira 'yan sanda ba.”

“Mai amalanken gudu ya yi?”

“A'a. Na yafe masa.”

Can ya ce, “Sai na dawo,” ya kashe.

Washegari na je gareji. Sama'ila ya zagaya da ni yana nuna mini da sifana: bamba ta tafi, bonet ya lanƙwashe, lagireto ya fashe, fitilu biyu, gilashin gaba, ga aikin mai buga jiki, ga fenti. Ya rubuta a bayan kwalin batir ya miƙo mini yana kallon gefe. Dubu ɗari shida da ashirin. Albashina dubu arba'in da takwas ne. Na ce masa na gode, kamar wadda aka yi wa kyauta.

Musaddiq ya dawo ran Lahadi, Litinin muka tafi ofishin kamfanin inshorar a Katsina, a motar haya, shi a gaba ni a baya. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan goro, na ɗan shafa hoda don kada a ga kumburin idona. Wata mata mai gilashi ta karɓe mu, ga fara'a, ga sanyin murya, irin mutanen da za su hana ka abu kana yi musu godiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe takardun ta juyo mana da su, ta ɗora biro a kan wani layi mai ƙananan rubutu.

“Matsala biyu ce. Ta farko, babu rahoton 'yan sanda, kuma an ɗauke motar daga wurin. Ta biyu ta fi girma. In muka biya ku, muna da haƙƙin mu bi wanda ya jawo haɗarin mu karɓi kuɗinmu. Sharaɗi ne cewa ba za ku yi sulhu da shi ba sai da saninmu. Ita kuma ta ce ta sallame shi a gaban shaidu.”

“Shekara biyu ina biyanku ko kwana ɗaya ban taɓa makara ba,” in ji Musaddiq. “Yau da na zo da buƙata sai ku nuna mini layi?”

“Ba mu ce ba za mu biya ba, ranka ya daɗe. Ba mu kuma ce za mu biya ba. Ku kawo rahoton 'yan sanda da ya nuna mai amalanken ne da laifi, da takarda daga direba cewa ba ta yi wani sulhu da shi ba. Sai mu sake dubawa.”

“In kun biya, sai ku bi shi?” na tambaya.

“Haka tsarin yake, Hajiya.”

Na tuna bijimin da ya rage, shi kaɗai a tsaye a gefen titi da igiya a wuya. Har muka dawo Daura Musaddiq bai waiwayo ba, ƙeyarsa kawai nake kallo.

Magana ta isa kunnen Baffa, don a garinmu mota ba ta kwana biyar a gareji ba a san dalili ba. Ya kira ni ɗakinsa bayan azahar, ya sa aka kira Iya ta zauna daga bakin ƙofa. Na durƙusa a gefen darduma.

“Ni tun farko wannan inshorar ban yarda da ita ba,” ya fara. “Ka ba mutane kuɗi kan abin da bai faru ba, in ya faru su ce sai sun duba. Amma ba wannan na kira ki a kai ba. Motar taki ce?”

“A'a, Baffa.”

“Ta ubanki ce?”

“A'a.”

“To da wane baki kika yafe? Ko gaban alƙali aka je, abin da zai fara tambayarki ke nan. Mutum yana kyauta da abin da ya mallaka ne. Ke kin ɗauki dukiyar wani kin yi sadaka da ita, an sa miki albarka, shi an bar shi da bashi. Ki je ki gyara abin da kika ɓata, kada ki ja mana abin kunya wurin surukai.”

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ban ga ƙarya a maganarsa ba. Na saci kallon Iya. Kanta a sunkuye, tana murza gefen zanenta. Na san ba za ta yi magana ba, amma wallahi na so ko tari ta yi.

Da muka fito tsakar gida ta koma kan tabarmarta ta ci gaba da tsinke zogale. Na je na zauna kusa da ita, kusa sosai, yadda ban saba ba. Na ɗauki reshe ɗaya ina tayata. So nake ta tambaye ni yadda na ji lokacin da motar ta bugu, ko ta ce in nuna mata hannun. Mun fi minti goma a haka, ba ka jin komai sai kukan tantabarun maƙwabta.

“Akwai tuwo a kwano,” ta ce daga ƙarshe, ba ta ɗago ba. “A ci abinci.”

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. A ɗakin nan akwai kwalayen kayan kicin da na fara tarawa, da labulen da na zaɓa ruwan zuma saboda shi ne launin da yake so, ko ɗinke su ba a yi ba. Ƙawayena kuwa kowacce na kira sai ta ce, “Kai, ke ma dai Zakiyya, da kin kira shi tukuna.” Na sani. Na sani, ba sai an ƙara gaya mini ba.

Ran Alhamis saƙonsa ya shigo: “Ina zaure.” Da can in zai zo sai ya rubuto, “Ranki ya daɗe, bawanki ya iso.” Na zura hijabi a kan kayan gida na fita, ko turare ban fesa ba. Yana tsaye, bai zauna a kujerar da aka saba ajiye masa ba, takalmansa duk ƙura. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya miƙo mini takarda da aka buga da na'ura.

“Sa hannu kawai za ki yi a ƙasa.”

Na karanta. An rubuta cewa ni, Zakiyya, direbar motar, ban yi wani sulhu ko yarjejeniya da mai amalanke ba, kuma ban sallame shi daga alhakin ɓarnar ba.

“Musaddiq, wannan ai ƙarya ce.”

“Ba ƙarya ba ce. Ba ki da hurumin yafewa, saboda haka yafiyar ba ta yiwu ba. Baffanki ma haka ya ce.”

“Takardar ba ta ce yafiyar ba ta yiwu ba. Cewa ta yi ban yi ba. Na kuwa yi. An shafa fatiha.”

“Ni an tambaye ni kafin a shafa?”

Na mayar da idona kan takardar.

“Kin san a babur ɗin haya nake kai magani Baure yanzu? Kwali a cinya, kwali a baya. Oga ya ba ni wata ɗaya, in babu mota a ba wani yankin nawa. Kuma duk wata za a ci gaba da cire kuɗin motar da ke kwance a gareji. Kin tausaya wa tsohon da kika gani sau ɗaya. Ni fa?”

“Bijimi ɗaya ya rage masa. In kamfani ya bi shi…”

“Kamfani ne zai bi shi, ba ni ba, ba ke ba.”

“Da bakina za a bi shi.”

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda aka zaci an sani. Ya ajiye takardar a kan kujera ya ce, “Ki yi tunani.” Ya fita ko sallama babu.

Daga ranar ya ɗauke wuta. In tura “Barka da asuba,” in ga ya karanta, shiru. In tura “Ka ci abinci?” shiru. Na rubuta dogon ban-haƙuri na goge, na sake rubutawa na goge. Takardar tana cikin jakata, ina zuwa aiki da ita ina dawowa da ita. Sau biyu ina ɗaukar biro. Kada ku ɗauka ni wata waliyyiya ce, ina son mutumin nan, ina son aurena, kuma na san ni na jawo masa. Amma duk lokacin da na kai biro kan layin sai in ji muryata tana cewa duniya da lahira, sai hannuna ya ƙi.

Yau Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina cikin auna wata mai ciki wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka.

“Hajiya? Shatu ce, 'yar Malam Sabiru mai amalanke.” Kuka take yi sosai, da ƙyar nake gane maganarta. “Hajiya, ba ke kika ce kin yafe ba? Ga wani mutum ya zo da ɗan sanda sun tafi da Baba. Hajiya, me muka yi kuma?”

Na miƙa wa abokiyar aikina mai cikin, na zari mayafi, na tari babur da fararen kayana na aiki.

Ofishin 'yan sandan ba shi da nisa. Musaddiq na tarar a waje, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, yana danna waya. Da ya gan ni ya taho da sauri ya tsaya tsakanina da ƙofa.

“Wa ya gaya miki?”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Ba kama shi aka yi ba, bayani kawai zai bayar. Ya riga ya amsa laifinsa ne. In rahoton ya fito ba maganar sulhu a ciki, wataƙila su karɓa ko ba takardarki. Na nema miki hanyar da ba sai kin sa hannu a komai ba, Zakiyya. Ki koma wurin aikinki kawai. Shiru kaɗai nake roƙonki.”

Kun ji fa. Shiru kaɗai. Kuma har ga Allah na ga yadda ya wahala kafin ya samo wannan hanyar, na ga yana ganin alheri ya yi mini. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. Tsohon yana zaune a kan benci, hularsa a hannu, ɗaurin da na yi masa har yanzu yana gwiwar hannunsa, ya yi baƙi da datti. Sai ya ɗago muka haɗa ido. Bai yi fushi ba, bai kira ni ba. Sunkuyar da kai ya yi, kamar shi ne ya ji kunyar abin da na yi.

“In kika shiga kika faɗa, inshora ta mutu,” in ji Musaddiq a hankali. “Kuɗin lefenki ne za su tafi gareji. In kika shiga, kin zaɓa ke nan.”

“Ka yi haƙuri,” na ce. Na raɓa ta gefensa na shiga.

Ɗan sandan da ke kan tebur babban mutum ne, mai furfura a gefen kai. Na gaishe shi na ce ni ce direbar. Na faɗa masa komai, har fatihar. Ya ajiye biro ya jingina.

“Kin san in na rubuta wannan, kamfanin ba zai biya ba?”

“Na sani, yallaɓai.”

“To gyaran fa? Mai mota yana da haƙƙi.”

“Ni zan biya. A rubuta. Ni na yafe, ni zan ɗauka.”

“Da me, 'yata?”

“Da albashina. Ko zai kai shekara biyu.”

Malam Sabiru ya miƙe. “A'a Hajiya, a'a. Wallahi da na san ba taki ba ce da ban roƙe ki ba. Bari in kai ɗayan bijimin kasuwa, abin da ya samu a rage.”

“Baba, in ka sayar da shi da me za ka yi huɗa baɗi? Zauna. Magana ta riga ta wuce.”

Na rubuta da hannuna, na sa hannu, aka buga hatimi. Aka ce tsoho ya tafi gida. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ta jero mini addu'a, ni kuwa idona yana kan gindin darbejiyar nan. Babu kowa a wurin.

Na tako a ƙasa har tasha, don ban ji zan iya komawa asibiti ba. Ina tafe ina duba waya, ina mayarwa jaka, ina sake cirowa. Daf da zan shiga tasha ta yi ƙara. Shi ne. Layi ɗaya.

“Kawuna zai zo wurin Baffa gobe da hantsi.”

Na karanta sau uku. Bai ce da me zai zo ba. Kawun nan shi ya kawo kuɗin gaisuwa, shi ya zo aka sa rana, kuma ba mutum ba ne da ke taka ƙafa zuwa gidan surukai don a gaisa kawai. Na fara rubuta “Lafiya?” sai na goge. Na duba sunayen da ke wayata daga sama har ƙasa ina neman wanda zan kira in ce masa ina jin tsoro, har na kai ƙarshe ban tsaya a kan kowa ba.

Motar Daura tana lodi, saura gurbi a baya. Ɗan kamasho ya buga saman motar ya leƙo fuskata.

“Hajiya, ku nawa ne?”

Na ce, “Ni kaɗai ce.”